Aisami Fatoma da Ƙullin Bahago

Aisami ɗan Mamadu, wanda mutanen Gure suka fi sani da Fatoma, ya gaji sana'arsa daga ubansa, uban kuma ya gada daga nasa uban. Fatoma shi ne mai saukar fatake: ya ba su ɗaki, ya ba dabbobinsu turke da ruwa, ya tsare musu kaya, ya nemo musu mai saye, su kuma su ba shi la'ada in ciniki ya faɗa. Gidan yana gabas da kasuwa, da zaure mai faɗi da ɗakunan baƙi biyar, da wani ɗaki mara taga da ake kira ɗakin ajiya. A kan wannan ɗaki sana'ar duka take tsaye. Al'adar gidan ita ce baƙo ya ɗaure taikinsa da hannunsa a gaban fatoma, da irin ƙullin da ya saba, fatoma ya ɗora tafinsa a kai sau ɗaya, sa'an nan a shigar. Daga wannan lokaci har ranar tashi ba mai taɓa igiyar sai mai ita. Ba a kiran shaida, ba a yin rantsuwa. Mamadu ya shekara arba'in a kan wannan aiki, ba a taɓa jin ko allura ta ɓace a hannunsa ba, kuma sunan nan shi ne mafi girman abin da ya bar wa ɗansa.

Aisami ya yi karatu har ya sauke, ya kuma taɓa littattafan fikihu a wajen Goni Ibram, limamin unguwarsu. Daga nan ya samo ɗabi'ar da ta bi shi har kabari: ba ya karɓar magana sai ya juya ta gaba da baya, ya tambayi daga ina ta fito, kuma wa zai amfana in aka yarda da ita. A cikin gida Barbarci yake yi da matarsa Yakura, a zaure kuwa Hausarsa ba ta da maraba da ta Bakano. Mutum ne mai tsare salla, mai tsare baki, wanda ba ya dariya sai ya ga dalilin yin ta.

A farkon girmansa zauren ba ya rabuwa da mutane. Masu ƙaro suna sauko da shi daga dazukan Kelle, makiyayan Alakos suna kawo fatu da man shanu, masu kanwa da gishirin mangul suna zuwa daga kwaruruka, fataken Kano da Haɗeja kuma suna jiran su da turkuɗi da goro. Kowa a Gure yake sauke kaya, domin mai raƙumi ɗaya ba ya iya tafiyar wata guda zuwa Kano da kansa.

Sai aka ji labarin cewa Turawan Ingilishi sun shimfiɗo dogo daga Kano har Nguru, tafiyar kwana shida kudu da Gure. Shekara ta zagayo, fara ta sauka ta cinye gero, mutane suka watse neman abinci. Da aka sami damina mai kyau kowa ya zaci abubuwa za su koma yadda suke, amma ba su koma ba. Masu ƙaro suka riƙa shayar da raƙumansu a rijiyar gari su wuce kudu ba su kwance kaya ba. Fataken Kano suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara huɗu ɗakuna huɗu suka zama wurin kwanan kaji. Ɗaki ɗaya kawai ake sharewa, na wani falke Bahaɗeje mai suna Ɗan Talata, wanda ubansa ma a gidan yake sauka tun zamanin Mamadu. Cikin baƙin da suka saba shi kaɗai ya rage, yana zuwa sau uku a shekara da jakuna bakwai, kuma da abin da yake bari ake rufa asirin gidan.

Tambayar da ta hana Aisami sakat ita ce: me ya sa gari ɗaya ke hawa, ɗaya ke sauka, alhali rana ɗaya ke fito musu? Nguru da ya riƙa jin labarinta a ƙuruciyarsa ba ta fi Gure da komai ba. Yanzu ana cewa tana da kantunan Turawa da rumfunan kwano, har talakanta yana sa takalmi. Kullum bayan la'asar sai a taru a zaurensa, tun da ba baƙin da za a takura, a yi ta jujjuya wannan magana.

Goni Ibram ya ce garuruwa kamar mutane suke, kowane da ajalinsa, kuma garin da ya yi wasa da zakka Allah kan janye masa albarka. Aisami ya karɓi rabin farko da ladabi, ya ƙi na biyu. Ya ce, Allah ya gafarta Malam, duk wanda ya dawo daga Nguru yana ba da labarin gidajen giya a bakin tasha, da masu caca da rana tsaka. In da yawan ibada ake auna arzikin gari, da Nguru ce ke zuwa ci-rani Gure. Goni ya ce jinkiri ne aka yi musu. Aisami ya bar maganar nan don girmamawa, amma bai gamsu ba.

Barmo, wani Badamagare mai rumfar yadi, ya ɗora laifin a kan hali. Ya ce mutumin Gure in ya sami tabarma da inuwa to duniya ta ƙare, Bakano kuwa ko a mafarki ciniki yake yi. Illa wanzami ya tambaye shi, to shi mai zafin nama me ya baro da shi Damagaram ya zo yana raba inuwa da malalata? Aka yi dariya, ban da mai gida. Aisami ya ce samarin Gure nawa ne suka tafi Nguru suka yi abin kansu cikin shekara biyu? Hali ba ya sakewa a tafiyar kwana shida. Ya kuma tuna wa Barmo cewa Damagaram kanta ta ja baya tun da Nasara suka ɗauke kujerar gwamna suka kai Yamai, kuma ba wanda ya ce Damagarawa sun kwana sun tashi malalata. Barmo ya ce shi dai yadinsa yake sayarwa, ba da alƙali ya zo zama ba.

Wasu suka ce lanho ne, wato harajin kai, da aikin tilas na kumandan, baturen da ke mulkin gari, ke korar mutane zuwa ƙasar Ingilishi. Wannan Aisami ya yarda da shi, domin ya ga gidajen da aka rufe da ƙaya. Amma ya lura an daɗe ana biyan lanho zaurensa yana cike, saboda haka ya sa shi a matsayin mai taimaka wa ciwo, ba tushensa ba.

Da aka tambayi Ɗan Talata a wani zuwansa, sai ya ba da amsa gajera yana gyaran akumari. Ya ce ba wani asiri: abin da jaki dubu za su kai Kano daga Nguru cikin mako uku, jirgin ƙasa yana kai shi yini ɗaya, don haka mai saye ya koma bakin dogo, mai sayarwa kuma ya bi shi. Aisami bai taɓa ganin jirgi ba. Ya ce a ransa, ƙarfe ba ya cin ƙaro, ba ya sa fata. Kuma ta yaya abin da ke kwance a nisan kwana shida zai miƙo hannu ya share masa zaure? Abin da ya fi tsaya masa ma shi ne saurin amsar. Ya ga kamar amsar wanda ya riga ya shirya ta ne, don a daina tambaya.

Saura ra'ayin Illa, wanda da farko ba mai ɗaukarsa da muhimmanci. A tsakiyar kasuwar Gure akwai wata tsohuwar kurna, kuma tsofaffi suna cewa a gindinta aka binne kafin kasuwa, wato tulun layu da masu kafa gari suka sa don ya riƙa jawo masu saye da sayarwa. Illa ya ce albarkar kasuwa a cikin ƙasar nan take, kuma ana iya ɗibar ta a kai wani gari kamar yadda ake ɗibar iri. Aisami ya ce wannan zancen mata ne a bakin rijiya.

Ran nan Illa ya zo yi masa aski, ya tsaya da aska a sama, ya rage murya.

"Fatoma, baƙon nan naka, ƙaro kaɗai yake saye?"

"Da fatu. Me ya faru?"

"Sau biyu ke nan ina ganinsa a gindin kurna da hantsi, ranar da ba kasuwa. Ya tsuguna kamar mai ɗaure takalmi, ya tona da wuƙa, ya zuba a ƴar jaka." Illa ya goge askar a tafinsa. "Kuma da hannun hagu yake tonawa. Ni dai wanzami ne, kai ne mai karatu."

Aisami ya ce masa ya kula da aikinsa kada ya yanke shi. Amma maganar ta shiga, ta kuma sami wurin zama a shirye, domin akwai wani lissafi da ya daɗe yana damunsa. Ga yadda ya jera shi. Falke ba ya zuwa inda ba riba. Ƙaron da Ɗan Talata ke saye a Gure zai same shi a Nguru, inda yanzu ya mai da gidansa, ba tare da ya wahalar da jaki ko kwana ɗaya ba. Duk abokan tafiyarsa sun gane haka sun daina zuwa, shi kuwa ba wawa ba ne. Ashe ke nan akwai abin da yake ɗauka a Gure wanda ba a gani a kan jaki. Ya ƙara da cewa ba a yin aikin alheri da hagu, kuma mai gaskiya ba ya zaɓar ranar da kasuwa ba kowa. Kowane mataki na wannan lissafi daidai yake bisa wanda ya gabace shi. Aibinsa ɗaya ne, yana can ƙasa, a tubalin farko, inda Aisami bai sake dubawa ba.

Daga ranar ya fara kallon baƙonsa da wani ido. In Ɗan Talata ya kawo wa Yakura tsarabar sabulu, sai ya ce toshiyar baki ce. In ya tambayi lafiyar tsofaffin unguwa da sunayensu, sai ya ce yana neman wanda ya san zurfin tulun ne. In ya yi shiru a zaure, ɓoyo ne. In ya yi magana, rufa-rufa ce. Yakura ta lura mijinta ya daina cin abinci akushi ɗaya da baƙo, ta tambaye shi, ya ce haƙori ne ke damunsa.

Ya yi tunanin ya tambaye shi kai tsaye, sai ya ga mai laifi ba zai amsa ba, marar laifi kuma zai ji zafi. Ya yi tunanin kai magana ga manyan gari, sai ya ga ba shi da shaida sai bakin wanzami. Ya kai ga cewa hanya ɗaya ce ta rage, ya gani da idonsa. Ya san sarai abin da hakan ke nufi. Amma ya shawo kan kansa da cewa amanar gari ta fi ta mutum ɗaya nauyi, kuma in ba a sani ba, ba a ɓata wa kowa ba.

A zuwan da Ɗan Talata ya yi na bazarar shekara ta biyar bayan isowar dogo, ya ɗaure taikinsa a gaban Aisami ana jibi zai tashi, Aisami ya ɗora tafinsa a kai kamar kullum. Kashegari ranar kasuwa ce. Da rana ta take, baƙo yana can wajen masu fatu, sai Aisami ya shiga ɗakin ajiya ya bar ƙofa a buɗe kaɗan don haske. Ya daɗe a durƙushe yana nazarin ƙullin kafin ya taɓa shi. Igiyar kaba ce, an zagaya sau uku, an sako baki ta ƙarƙashi, an bar wutsiya tsawon yatsa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sa'an nan ya kwance.

A ƙarƙashin riguna biyu da wani ƙunshin barkono ya sami ƴar jakar fata. Cikinta ƙasa ce, kamar cikin tafi biyu, an naɗe ta a wani tsohon ƙyallen zane na saƙi. Ba laya, ba rubutu, ba ƙaho. Wani zai ga wannan ya yi sanyi, Aisami kuwa sai ya ga tabbaci: ga ƙasar, ga ɓoyon. Ya juye ta a aljihunsa, ya cika ƙyallen da rairayin tsakar gidansa, ya mai da komai yadda yake, ya zagaya igiya sau uku, ya sako baki ta ƙarƙashi, ya bar wutsiya tsawon yatsa. Da ya fito sai ya tarar da Yakura tsaye da ƙwarya a hannu. Ta dubi zaren kabar da ya maƙale a hannun rigarsa.

"Malam, me ka manta a ɗakin ajiya?"

Ya ce gara yake dubawa. Ta wuce da ƙwaryarta. Da la'asar ya bi ta gindin kurna kamar mai wucewa, ya zazzage aljihunsa, ya take da ƙafa, ya koma gida yana jin ya yi wa garinsa aikin da ba wanda zai gode masa.

Da hantsin ranar tashi aka fito da kaya ƙofar zaure. Barmo da Illa sun zo sallama, masu korar jakuna biyu suna ɗora akumari. Ɗan Talata ya sunkuya zai ɗauki taikinsa, sai ya tsaya. Ya sa yatsa ya bi igiyar. Ya ɗago.

"Maigida, wa ya shiga ɗakin ajiya?"

"Me ka gani?"

"Ƙullina ne, zagaye uku, ba abin da aka rage. Sai dai na dama ne ya yi shi. Ni bahago ne. Da dama nake ci, da ita nake gaisawa, haka aka hore ni, amma igiya da wuƙa ban taɓa riƙe su da dama ba. Nawa ƙullin nan yake kwantawa, wannan can ya kwanta."

Illa ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a zabirarsa. Aisami, wanda ya fi shekara goma yana kallon mutumin nan yana ɗaure kaya, ya gane cewa fuskarsa ya yi ta kallo, bai taɓa kallon hannunsa ba. Yi wa baƙo ƙarya ba ya cikin halinsa, kuma har lokacin yana ganin shi ne mai gaskiya. Ya ce shi ne ya kwance. Ya jera dalilansa ɗaya bayan ɗaya a gaban mutane, da murya a kwance kamar mai ba da karatu: ribar da babu, zuwan da bai yanke ba, gindin kurna, hannun hagu. Ya ƙare da cewa ƙasar Gure ta koma inda aka ɗebo ta, abin da ke cikin jaka yanzu rairayi ne.

Ɗan Talata ya kwance taikin, ya fito da ƙyallen, ya zubar da rairayin, ya kakkaɓe, ya ninke shi a hankali. Da ya fara magana ƙasa yake kallo, domin shi ɗan fari ne, bai saba ambaton mahaifiyarsa a gaban maza ba. Ya ce tsohuwarsa ƴar Gure ce. Kafin a faɗaɗa kasuwa gidansu yana nan inda kurnar take, a nan aka binne cibiyarta. Ubansa ya aure ta ya tafi da ita tana yarinya, danginta kuma yunwar da aka yi shekara ashirin da suka wuce ta share su, shi ya sa bai taɓa faɗa ba, kada a ce ya zo roƙon dangi. Shekara uku ke nan tana kwance. Ba ta yarda da maganin kowa sai a jiƙa mata ƙasar gidansu, ta kwanta, ta sha ruwan. Ya san malamai za su ce aikin jahilci ne, masu kasuwa kuma za su yi masa dariya, don haka yake zuwa lokacin da ba kowa.

Daga bayan asabarin ƙofar cikin gida sai aka ji muryar Yakura, wadda ba ta taɓa sa baki a maganar zaure ba.

"Yabawa ce? Yabawa ta gidan mai kanwa, mai wushirya?"

"Ita ce, Inna."

"Ita ta fara yi mini kitso."

Ɗan Talata ya ɗauki wuƙarsa ya nufi kasuwa, mutane suna kallo, ya tsuguna a gindin kurna ya tona da hannun hagu, ya cika ƙyallensa, ya dawo ya ɗaure taiki. Ya yi sallama da kowa da sunansa, ya gode wa Yakura abincin shekaru, ya ba Aisami hannu. Bai zage shi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Shi kansa bai kai labarin ko'ina ba. Amma masu korar jakuna sun gani, kuma su ne ke kwana a kowace rijiya tsakanin Gure da Nguru. Kafin damina ta faɗi, duk mai taiki a hanyar nan ya ji cewa a gidan Mamadu ana kwance kayan baƙo. Ƴan tsirarun da kan ratso jefi-jefi suka koma sauka wani gida a yammacin gari.

Aisami ya shekara biyu yana jiran jakuna bakwai. A ta uku ya sayar da akuya, ya bi ayarin masu kanwa zuwa Nguru, tafiyarsa ta farko da ta wuce kwana uku. Ya isa ana lodin jirgi. Ya tsaya a bakin tasha tun hantsi har azahar, bai zauna ba. Ya tambayi wani lebura kayan jaki nawa tarago ɗaya ke ci, aka gaya masa, ya ƙirga taragun da idonsa. A layin masu jiran sikeli ya ga wani mutumin Kelle da ya saba sauka a gidansa, riƙe da akalar raƙuminsa. A nan ya fahimci abin da aka gaya masa a zaurensa cikin magana biyu ya ƙi ji. Gure ta ci abinci ne daga nisan Kano: muddin tafiyar wata guda ce, dole mai ƙaro ya sauke a hannun wani. Da Kano ta matso ta zama kwana shida da yini ɗaya, sai buƙatar mai tsakiya ta faɗi. Ba a tone kome daga ƙasa ba, ba a kuma yi wa kowa baki ba. An sake wa hanya wuri ne, waɗanda suka shimfiɗa ta kuwa ba su san da zauren Aisami ba balle su nufe shi da sharri. Wannan ya fi masa ciwo a kan sata, domin ɓarawo aƙalla ya san da kai.

Ya nemi gidan Ɗan Talata ya samu. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi ɗaki da ruwan wanka, aka ajiye ƙunshinsa a lungu yadda ya ɗaure shi. Yabawa ta rasu bara. Bayan ya yi ta'aziyya sai ya nemi gafara, ba tare da ya kawo dalili ko ɗaya ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Sa'an nan ya tambaya ko za a sake ganin jakunan a Gure.

"Na yafe tun kafin in fita gari, Maigida," in ji Ɗan Talata. "Lissafinka ma daidai ne, ba riba a zuwan. Abu biyu ke kai ni. Ɗaya mun binne ta bara. Ɗayan kuwa, babana ya ce mini duk inda na ga dama in kwana da ido ɗaya, amma a gidan Mamadu in rufe biyu."

Aisami ya kwana uku ya komo. Ya rayu shekaru bayan haka yana tufka igiyar kaba a ƙofar zaure, Yakura tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗakin ajiya kuma aka zuba masa harawa. Wanda zai yi masa hukunci ya kamata ya raba abu biyu da shi kansa ya koyi rabawa a makare. Ɗakuna huɗu dogo ne ya rufe su, kuma da Aisami ya fi kowa hikima da ba zai hana ba. Na biyar shi ya rufe shi da hannunsa, ba don ƙarancin tunani ba, sai don ya gina tunani mai kyau a kan zaton cewa ba abin da ke motsa ɗan Adam sai riba, da kuma cewa duk inda aka yi hasara akwai wanda ya ɗauka.

Samari sukan zauna wajensa su tambaye shi me ya sa Nguru ta fi Gure. Yakan ba su amsa a jere, ya fara da hanya, ya bi da lanho da aikin tilas, ya kawo shekarar fara, ya ce sauran sani yana wurin Allah. In wani ya ce shi dai ya ji an sace kafin kasuwa ne, sai tsohon ya naɗe igiyarsa, ya ce rana ta yi, ya shiga gida.